Saye ko Ginawa: Wace Manhaja Ce Ta Dace da Kamfani Mai Tasowa?

Kusan kowane kamfani da Excel, manhajar jera bayanai da lissafi a layi-layi, yake fara rayuwa. Mutum biyu ko uku, shafi ɗaya na kayan da suka shigo, wani na waɗanda suka fita, wani na masu bashi. Aiki yana tafiya, kuma babu laifi a ciki. Matsala takan taso ne ranar da ma'aikata suka kai talatin, rassa suka zama uku, aka wayi gari akwai fayil huɗu masu suna iri ɗaya, kowa yana rantsuwa nasa ne na ƙarshe. Mai kula da sito ya ce kwali ɗari biyu suka rage, mai sayarwa ya riga ya yi wa kwastoma alkawarin ɗari uku, akanta kuwa ba ya iya rufe lissafin wata sai wata na gaba ya kusa rabi. Ko manyan hukumomi sukan faɗa wannan rami. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum kusan 16,000 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda tsohon tsarin fayil na Excel da ake amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Abin da ya wuce nan sai ya zube, babu wanda ya lura.

A wannan gaɓar ce mai kamfani yake fara jin shawarwari iri biyu. Wasu su ce masa ya sayi manhajar da aka riga aka haɗa, wadda dubban kamfanoni ke amfani da ita: QuickBooks don lissafi, Salesforce don bibiyar abokan ciniki, Shopify don sayarwa ta intanet, ko kuma ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke haɗa sito da albashi da lissafi wuri guda, irin na SAP da Oracle da Odoo, waɗanda ake kira ERP. Wasu kuma su ce a'a, ya ɗauko masu rubuta manhaja su gina masa tasa daidai da yadda yake aiki, don kasuwancinsa ba irin na kowa ba ne.

Ra'ayina shi ne yawancin masu wannan muhawara suna fara ta daga inda bai kamata ba. Suna kwatanta kuɗin saye da kuɗin ginawa, su duba wanne ya fi araha a bana. Alhali tambayoyin da ke yanke hukunci guda biyu ne, kuma babu ruwansu da farashin ranar farko. A cikin ayyukan kamfaninka, wanne ne da gaske ya bambanta ka da abokan gasarka har kwastoma yake zuwa wurinka saboda shi? Sannan wa zai ɗauki nauyin wannan manhaja nan da shekara biyar, ko goma?

Mu fara da ta kasuwa, wato wadda aka riga aka haɗa ake sayarwa, domin ita ce ya kamata a fara dubawa. Abin da kake saya idan ka sayi manhajar da aka daɗe ana amfani da ita ya wuce abin da kake gani a fuskar kwamfuta. Kana sayen kurakuran da wasu suka riga suka ci karo da su aka gyara. An kafa SAP a Jamus a 1972, tsofaffin ma'aikatan IBM biyar ne suka kafa shi, kuma tun daga lokacin kamfanoni ke kawo masa matsalolinsu. Me za a yi idan kwastoma ya dawo da rabin kaya bayan an rufe lissafin wata? Idan an biya kuɗi da wani nau'in kuɗi, canji kuma ya motsa kafin ya iso? Idan ma'aikaci ya bar aiki a tsakiyar wata yana da bashin kamfani? Mai rubuta maka sabuwar manhaja ba zai tuna da rabin waɗannan ba sai sun faru, kuma a kanka za su faru. Ga kuma saurin farawa, ga ma'aikatan da suka riga suka iya ta daga wuraren da suka yi aiki a baya, ga kamfanin da aikinsa ne ya bi sauye-sauyen dokar haraji da toshe ƙofofin da masu kutse ke bi.

Lissafin kuɗi, biyan albashi, imel, ajiyar takardu: waɗannan ayyuka ne da kowane kamfani yake yi kusan iri ɗaya, doka ma ta tilasta a yi wasunsu iri ɗaya. Babu kwastoman da ya taɓa zaɓar wani kamfani saboda yadda yake lissafa albashin ma'aikatansa. Wanda ya kashe dukiyar kamfani mai tasowa wajen gina manhajar albashi tasa ta kansa ya yi asara, ko da manhajar ta yi aiki, domin kuɗin da lokacin suna da wurin da suka fi amfani.

Sai dai ta kasuwa tana da farashin da ba a rubuta a takardar talla. Tun da Salesforce ya fito a 1999 da tsarin biyan kuɗi wata-wata ta intanet, masana'antar gaba ɗaya ta karkata can, kuma galibi ana biya ne bisa yawan masu amfani. Kana da ma'aikata goma, kuɗin ba ya damun ka. Sun zama ɗari biyu, kuɗin ya ninka sau ashirin, sannan ka tarar abin da kake buƙata yanzu, kamar raba izini tsakanin rassa ko fitar da wani rahoto, yana cikin rukuni na sama mai tsada. Wato girman da kake nema shi ne yake ƙara maka kuɗin haya. Kuma ba kai ne kake tsara sharuɗɗa ba. A 2013 Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane a tsarin saye sau ɗaya, ya koma biyan kuɗi lokaci-lokaci. Bayan kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, mai manhajojin da kamfanoni ke tafiyar da manyan kwamfutocinsu da su, a watan Nuwamba na 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, kuma kamfanoni da yawa sun koka da yadda kuɗinsu ya tashi. SAP ya sanya 2027 a matsayin ƙarshen kulawar da ya saba bai wa tsohuwar manhajarsa ta ECC, abin da ya sa dubban kamfanoni shirin ƙaura ko suna so ko ba sa so. Duk waɗannan kamfanoni suna da hurumin yin abin da suka yi. Abin lura kawai shi ne mai saye ba shi da ta cewa, kuma gwargwadon yadda ya zuba bayanansa da ayyukansa a ciki, gwargwadon yadda ficewa ke yi masa wuya.

To, ai sai a gina. Nan ma akwai labarai masu daɗin ji da ake yawan kawowa. A 2004 Tobias Lütke, Bajamushe mazaunin Ottawa a Kanada, ya so ya riƙa sayar da allunan wasan ƙanƙara ta intanet. Manhajojin kantin intanet na wancan lokacin ba su gamsar da shi ba, sai ya rubuta tasa. A 2006 wannan manhaja ta zama Shopify, ta kuma fi kasuwancin allunan daraja nesa ba kusa ba. Slack ma haka ya samo asali: kayan hira ne na cikin gida da wani kamfanin wasan kwamfuta ya yi wa ma'aikatansa, wasan ya mutu, kayan hirar suka rayu. Labaran gaskiya ne. Amma masu kawo su sukan tsallake wani abu. Lütke da kansa mai rubuta manhaja ne, kuma kamfanin da ya haifi Slack cike yake da irinsa. Su manhaja sana'arsu ce. Mai kamfanin rarraba kaya ko asibiti mai zaman kansa ko masana'antar robobi, wanda zai ba wasu kwangila su gina masa, yana cikin wani hali daban.

Babbar wahalar ginawa ba a rubutun take ba. Tana wurin sanin abin da ake so. A ce ɗan kwangila ya zauna da manajan sito, ya tambaye shi yadda kaya ke fita. Manaja zai ce oda ta shigo, a duba an biya, a loda mota, a ba da rasit. Aka rubuta haka, aka gina haka. Ranar farko da aka fara amfani da ita sai ga direban wani tsohon kwastoma a bakin ƙofa, wanda shekara takwas ana loda masa kaya kafin ya biya, don kowa ya san ƙarshen mako yake turo kuɗi. Manhaja ta ƙi buɗe oda tunda ba a biya ba. Mota na tsaye, direba na kiran maigidansa, maigidan na kiran mai kamfani. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfuta ta rasa yadda za ta yi, sai ta shigar da cewa an biya don a sallami mota, ta rubuta gaskiyar magana a wata 'yar takarda ta manna a gefen allo. Daga ranar lissafin manhaja ya rabu da gaskiya. Manajan bai yi ƙarya ba. Ya faɗi yadda aiki ya kamata ya tafi ne, amma yadda yake tafiya a zahiri yana cikin kawunan mutane, kuma su kansu ba sa tuna shi sai ya taso.

Irin wannan ne ke sa aikin da aka ce wata shida ya kai shekara biyu. Kowane gyara yana haifar da wani. A 2005 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi watsi da manhajar sarrafa fayilolin bincike da ta ba da kwangilar ginawa, bayan ta kashe kimanin dala miliyan 170, kuma yawan sauya abin da ake buƙata yana cikin manyan dalilan da aka bayar. Idan aiki ya makara, abin da shugabanni ke fara tunani shi ne a ƙaro ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a IBM, ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara yana ƙara masa makara ne, domin tsofaffin za su bar aiki su koma koyar da sababbi, hanyoyin tuntuɓar juna kuma su ninka. Har yau maganar tana nan daram.

A ce ma an gama lafiya. Ranar da aka miƙa maka manhaja, ranar ce nauyinta ya fara. Mutane da yawa suna ɗaukar ta kamar kujerar ofis, a saya a ajiye. Ta fi kama da dabbar kiwo, kullum tana son ci da magani, kuma ranar da aka daina kula da ita ta fara rama. Wayoyi suna sauyawa, tsarin kwamfuta yana sauyawa, banki ya canza yadda yake turo bayanin biya, gwamnati ta fito da sabuwar doka kan kare bayanan mutane kamar yadda Tarayyar Turai ta fara aiwatar da tata a watan Mayu na 2018. Sannan babu manhajar da ake rubutawa daga tushe gaba ɗaya, kowace tana tsaye ne a kan gutsattsarin da wasu suka rubuta. A watan Disamba na 2021 aka gano wata mummunar kafa a Log4j, wani ɗan ƙaramin gutsure da ke cikin manhajoji marasa adadi a duniya. Masu amfani da ta kasuwa sun jira kamfanoninsu sun turo gyara. Masu tasu ta kansu kuwa sai da suka nemo wanda zai buɗe ta ya duba ko ma akwai gutsuren a ciki, wasu kuma suka tarar wanda ya rubuta musu ya daɗe da barin aiki.

Wannan batu na mutum ɗaya shi ya fi tayar mini da hankali game da ƙananan kamfanoni. Sau da yawa manhajar da dukan kasuwanci ya dogara a kanta tana cikin kan mutum guda ne. Shi ya san dalilin da ya sa aka yi kaza, shi ke riƙe da kalmomin sirri, babu wani rubutaccen bayani. Idan ya samu aiki mafi tsoka, ko ya yi rashin lafiya, ko aka saɓa kan kuɗi, kamfani ya shiga uku. Mai kamfanin da ya gudu daga kangin babban kamfanin manhaja sai ya tsinci kansa a kangin mutum ɗaya, wanda ya fi haɗari. A watan Afrilu na 2020, lokacin da masu neman tallafin rashin aiki suka yi yawa, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren kwamfuta da aka ƙirƙira tun 1959, saboda tsarin jihar a kansa yake kuma masu iya shi sun yi ƙaranci. Jiha guda ke nan da kasafinta. Ina ga kamfani mai ma'aikata hamsin?

Akwai hanya ta uku da mutane ke ganin ita ce maslaha: a sayi ta kasuwa, sannan a lanƙwasa ta ta dace da yadda muke aiki. A nan ne aka fi tafka asara, kuma nan ya kamata mai karatu ya fi tsayawa.

Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya fara aikin maye gurbin tsohuwar manhajarsa ta kula da kaya da ta SAP a 2011. A 2018 ya dakatar da aikin ya koma kan tsohuwar, bayan shekara bakwai da kuɗin da jaridun Jamus suka ƙiyasta a kusan yuro miliyan 500. Ɗaya daga cikin tushen matsalar abu ne da za ka ɗauka ƙarami. Lidl ya saba ƙiyasta darajar kayan da ke sitonsa da farashin da ya sayo su, ita kuwa manhajar an gina ta ne a kan farashin sayarwa, kamar yadda aka saba a harkar kantuna. Lidl bai yarda ya sauya al'adarsa ba, sai aka shiga sauya manhajar. Amma yadda ake ƙiyasta darajar kaya ba ado ba ne da za a cire a maƙala wani, yana can ƙasan ginin, rahotanni da lissafi da odar sabon kaya duk a kansa suke zaune. Taɓa shi ya jawo taɓa wasu, kuɗi na tafiya, aiki na ƙara nauyi. Majalisar birnin Birmingham a Ingila ta bi irin wannan hanya da manhajar Oracle da ta fara amfani da ita a 2022. An fara da niyyar karɓar tsarin yadda yake, daga baya aka koma yi masa kwaskwarima don ya bi tsofaffin hanyoyin aiki. Abin da aka yi wa kasafin kusan fam miliyan 19 ya doshi fam miliyan 100, har ma'aikata suka koma daidaita lissafin banki da hannu.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta fi ciwo shi ne tana haɗa maka nauyin ɓangarorin biyu. Kana biyan kuɗin lasisi kamar mai saye, kana biyan masu gyara kamar mai ginawa. Duk lokacin da kamfanin manhajar ya fitar da sabon zubi, kwaskwarimarka tana iya karyewa, sai ka ji tsoron sabuntawa, ka tsaya a tsohon zubi, har ranar da za a daina kula da shi. Ya kamata a bambance abu biyu a nan. Akwai saiti, wato zaɓuɓɓukan da masu manhajar suka tanada da kansu: ƙara gurbi a fom, tsara wanda zai sa hannu kafin wane, canza fasalin rasit. Wannan babu matsala, don haka aka yi shi. Akwai kuma shiga cikin rubutun manhajar a canza yadda take tunani. Wannan ne abin gudu. Idan ka sayi ta kasuwa, ka saye ta da niyyar kamfaninka ne zai matsa ya bi ta a mafi yawan wurare.

Kuma a gaskiya sau da yawa matsawar alheri ce. Idan aka bi diddigin "haka muke yi a nan", akan tarar wani ma'aikaci ne da ya daɗe da tafiya ya ƙirƙiro hanyar don kauce wa wata matsala da ita ma ta daɗe da gushewa. Ana ta bin ta ne don an gada. Kowane mai kamfani yana jin nasa daban ne, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma bambancin da ke kawo riba yawanci bai wuce wuri ɗaya ko biyu ba. Gwajin da nake ganin ya fi amfani shi ne mai sauƙi: idan muka koma yin wannan aiki kamar yadda kowa ke yi, akwai kwastoman da zai bar mu? Idan amsar a'a ce, al'ada ce kawai, a bi manhaja. Idan amsar e ce, to an iso wurin da ginawa ke da hujja.

Ɗauki kamfanin jigilar kaya da ya yi suna wajen isar da saƙo a rana guda, saboda yana da wata dabara ta haɗa ƙananan kaya na mutane daban-daban a mota ɗaya da tsara hanyar da direba zai bi. Wannan dabara ita ce jarinsa. Idan ya sayi manhajar da duk abokan gasarsa ke iya saya, ya zama ɗaya da su. Shi ya dace ya gina wannan yanki, ya kashe masa kuɗi, ya ɗauki ma'aikatan dindindin da za su riƙa inganta shi. Amma albashin direbobinsa da lissafin harajinsa da imel ɗinsa, ya saya. Abin da ya sa wannan rabo yake yiwuwa a yau shi ne yawancin manhajojin kasuwa suna da wata ƙofa da ake kira API, wadda wata manhaja ke bi ta karɓi bayani ko ta ba da. Ɗan abin da ka gina yana zaune a gefe, yana magana da manyan ta wannan ƙofa, ba tare da an farke cikinsu ba. Shi ya sa kafin a sayi kowace manhaja ya kamata a tambaya ko tana da wannan ƙofa, me take bari ya wuce, kuma ko sai an ƙara kuɗi ake buɗe ta.

Haɗe-haɗen ma yana da nasa nauyi, kada a ɗauka kyauta ne. Kamfanin da ya tara manhajoji goma sha biyu, kowace da jerin kwastomominta, zai dawo gidan jiya: suna ɗaya a rubuce iri uku, adadi ɗaya ya bambanta daga allo zuwa allo. Dole a yanke tun farko wace manhaja ce uwar kowane bayani, wadda idan an samu saɓani maganarta za a bi.

Akwai kuma manhajojin da rubutunsu a buɗe yake ga kowa, kamar Odoo da ya faro a Beljiyam a 2005 da ERPNext na Indiya. Suna ba ka abin da aka riga aka gwada, tare da damar ɗora shi a kan na'urarka da riƙe bayananka. Suna rage tsoron a wayi gari an canza maka sharaɗi, amma ba sa ɗauke bukatar ƙwararren da zai kafa su ya kula da su, kuma jarabar yi musu kwaskwarima ta fi ƙarfi tunda ƙofa a buɗe take. Haka nan kayan ƙirƙirarriyar basira da ke taya rubuta manhaja sun sa fitar da samfurin farko ya yi sauri ƙwarai. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya sa gina ƙananan kayan aiki na cikin gida ya fi sauƙi fiye da da. Sai dai ba su san direban nan da ake loda wa kaya kafin ya biya ba, kuma idan tsarin ya tsaya da tsakar dare, mutum ne zai tashi ya nemo dalili a cikin rubutun da wataƙila babu wanda ya taɓa karanta shi da kyau.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Kamfanin da har yanzu yake laluben hanyarsa, yana sauya farashi da tsarin sayarwa duk bayan 'yan watanni, bai kai ga ginawa ba, domin zai daskarar da abin da bai zauna ba. Gara ya yi shekara biyu ko uku da ta kasuwa, ya ga inda take matse shi. Wuraren da ma'aikata suka koma buɗe Excel a gefe, suna kwafe bayani daga nan zuwa can da hannu, su ne ke nuna inda bukata ta gaskiya take, kuma wannan shaida ta fi duk wani taron tsara bukatu. Ranar ƙaura ita ma a zaɓe ta da hankali. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999, dab da lokacin da odar bikin Halloween ke kwararowa, bayan ya matse jadawalin aikin. Alewa tana sito, amma tsarin ya kasa fitar da ita, odar kimanin dala miliyan 100 ba ta isa kantuna ba. Manhajojin da ya saya sanannu ne, gaggawa da rashin isasshen gwaji ne suka kayar da shi.

Idan za a kwatanta kuɗi, a kwatanta na shekara biyar aƙalla, da yawan ma'aikatan da ake sa ran kaiwa, ba na yau ba. A ɓangaren saye a sa kuɗin kafawa, horar da ma'aikata, kwaso tsofaffin bayanai da tsaftace su, haɗa ta da sauran manhajoji, da yiwuwar ƙarin farashi. A ɓangaren ginawa a sa albashin masu kula da ita kowace shekara, kuɗin na'urorin da za ta zauna a kai, binciken tsaro, da kuma watannin da za a yi ana jira alhali matsalar da ake son magancewa tana ci gaba da cin kuɗi. Akwai wani kuɗi da ba ya shiga takarda: hankalin mai kamfani da manyan manajojinsa. Aikin ginawa yana bukatar wani daga cikin gida wanda ya san aikin ciki da bai, yana da ikon yanke hukunci, kuma zai ba da sa'o'i masu yawa kowane mako. Idan babu wanda za a iya sakin sa ya yi wannan, ɗan kwangila zai riƙa cike gurbin da hasashe.

Duk hanyar da aka bi, akwai abubuwan da sai an rubuta su a yarjejeniya kafin a sa hannu, domin bayan an sa ba a samun su cikin sauƙi. Mai saye ya tabbatar zai iya fitar da dukan bayanansa a duk lokacin da ya so, a fasalin da wata manhaja za ta iya karantawa, kuma ya gwada fitarwar da kansa a lokacin gwaji, kada ya tsaya ga alkawarin mai talla. Ya nemi a ƙayyade iyakar ƙarin farashi idan an zo sabunta yarjejeniya, ya san tsawon sanarwar da za a ba shi idan za a rufe manhajar. Mai ginawa kuma ya tabbatar an rubuta ƙarara cewa rubutun asali na manhajar mallakin kamfaninsa ne, domin a dokokin ƙasashe da yawa biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallaka daga ɗan kwangila zuwa wanda ya biya. Rubutun ya zauna a ma'ajiyar da ke da sunan kamfani tun daga ranar farko, haka ma sunan shafin intanet da asusun na'urori da kalmomin sirri. A biya kuɗi mataki-mataki, kowane mataki bayan ma'aikatan da za su yi amfani da abin sun taɓa shi da hannunsu sun ce ya yi. Sannan kafin biyan ƙarshe a ɗauko wani mai rubuta manhaja daban, wanda ba ya cikin aikin, a ba shi rubutun da bayanan da aka tanada, a ce ya tayar da ita a sabuwar na'ura ba tare da ya kira waɗanda suka gina ta ba. Idan ya kasa, a riƙe kuɗin har sai an cike abin da ya rage.